Leaf ta hannu ko Dolphin ɗin China: amsa ga Alhajin Zangon Madina

Wani Alhaji ɗan kasuwa daga Zangon Madina da ke Accra ya aiko da wannan tambaya: "Salamu alaikum. Ina da shago a Tudu. Kullum nakan yi kamar kilomita 40 zuwa da dawowa, har da kai yara makaranta, kuma duk wata ina zuwa Aboabo a Kumasi gaida mahaifiyata. Kuɗin fetur ya ishe ni. An nuna mini motoci biyu masu lantarki: Nissan Leaf ta 2019 da aka kawo daga Amurka, mai batir 40, layukan lafiyar batirinta 11 cikin 12, sai BYD Dolphin ta 2023 daga China, mai batir 44.9, dila ya ce tana yin kilomita 420 da caji ɗaya. Dolphin ɗin ta fi tsada da kusan kashi ɗaya cikin uku. Gidan gado muke zaune, mita ɗaya ce a gidan. Wacce zan ɗauka?"

Wa'alaikumus salam Alhaji, barka da kasuwa, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Sana'ata wutar mota ce, ta kan haibirid na shigo harkar masu lantarki zalla, don haka da idon mai gyara zan amsa maka. In kuɗin zai kai ba tare da ka taɓa jarin shago ba, ɗauki Dolphin. Sai dai akwai sharaɗi biyu, ɗaya a jikin motar, ɗaya a gidanku, kuma na gidan ya fi wuya.

Wannan 40 da 44.9 da ake ta faɗa maka, yunit ne, irin wanda mitar kamfanin wuta na ECG take ƙirgawa. Batirin Leaf yana ɗaukar yunit 40 ranar da ya fito daga kamfani, na Dolphin 44.9. A takarda tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ya raba su shi ne yadda kowannensu yake jure zafi, kuma a Accra wannan ne ya rinjayi komai.

Ba abin da ke tsufar da batirin lithium kamar ya daɗe da zafi a jikinsa, musamman in yana cike. Nissan ta fito da Leaf a ƙarshen 2010, kuma tun daga ta farkon har zuwa irin wadda aka nuna maka, ba a sa wa batirinta abin sanyaya shi ba. Babu ruwa, babu fanka. Akwatin ƙarfe ne a rufe a ƙarƙashin kujeru, zafin da ya tara sai dai ya huce don kansa. A Ingila ko Norway wannan ba matsala ba ce, shi ya sa za ka ji Turawa suna yabon motar, kuma gaskiya suka faɗa a ƙasarsu. Amma tun 2012 masu Leaf a birnin Phoenix na jihar Arizona, inda ake rana mai tsanani, suka fara kukan batirinsu yana zubewa cikin shekara ɗaya zuwa biyu, har kamfanin ya fito da garanti na musamman a kan ƙarfin batir, daga baya kuma ya sauya haɗin sinadarin. Da mai batir 40 ta fito a 2018 sai wani kukan ya taso: in ka yi cajin gaggawa sau biyu ko uku a tafiya ɗaya, batirin yakan ɗau zafi, motar ta rage gudun cajin da kanta don kada ya lalace, ka zauna kana jira. Ita kanta Nissan, a sabuwar Leaf da ta nuna a 2025, ta koma sanyaya batir da ruwa.

To ka duba namu yanayin. Arizona ta fi mu zafin rana a bazara, amma suna da watannin sanyi da batir yake hutawa. Mu nan daga Fabrairu zuwa Afrilu ana kaiwa digiri 32 zuwa 33 da rana, dare kuma da wuya ya sauka ƙasa da 23, ko hunturun namu ƙura ce ta fi yawa a cikinsa. Motarka za ta wuni a kan kwalta a Tudu, ta sha cunkoson Circle ko na 37 da yamma, ta iso Madina da ɗumi a jikinta, ka soka mata caji, wanda shi ma zafi yake ƙarawa. Gari ya waye a sake. Batirin da ba shi da abin sanyaya shi, a haka zai ƙare rayuwarsa.

Dolphin kuwa an yi mata tanadi ta hanya biyu. Batirinta, wanda BYD ta fito da shi a 2020 ta sa masa suna Blade, irin da ake kira LFP ne, haɗin lithium da ƙarfe da fosfet. Ya fi irin na Leaf jure zafi, ya fi shi yawan zagayen caji kafin ya gaji, kuma ya fi shi wuyar kamawa da wuta. Sannan gas ɗin da ke sanyaya cikin motar shi ne aka ja ya bi ta jikin batirin, in ya ɗau zafi kwamfutar motar ta sanyaya shi. Akwai wani sauƙin kuma na yau da kullum: mai Leaf da yake son batirinsa ya daɗe, dole ya riƙa cire caji a wajen kashi 80, kuma irin ta 2019 ba ta da wurin da za ka saita mata ta tsaya a nan, sai dai ka yi dabara da agogon caji. Mai Dolphin cika ta yake yi, kamfanin ma so yake a riƙa kai ta 100 a kai a kai don ma'aunin cajin ya daidaita.

Yanzu layuka 11 da aka nuna maka. Dila zai ce ɗaya kacal ya tafi cikin goma sha biyu, ai sabuwa ce. Ba haka lissafin yake ba. Layin farko ba ya gogewa sai batir ya rasa kusan kashi 15 cikin ɗari, sauran kuma kowanne kashi 6 da ɗoriya ne. Saboda haka mota mai layi 11 tana tsakanin kashi 79 da 85, kuma allon ba zai gaya maka ko jiya ta rasa na goma sha biyun ba ko gobe za ta rasa na goma sha ɗayan. Ƙari a kan haka, akwai masu goge ƙwaƙwalwar batir da kwamfuta, layukan su dawo 12 cif, sai bayan makonni su sake zubewa a hannun wanda ya saya. Mai sayen ragon layya bakinsa yake buɗewa ya duba haƙora, ba ya tsayawa kan ƙaho. Hanyar buɗe bakin Leaf ita ce wata manhajar waya da ake kira LeafSpy, da ɗan abin da ake sokawa a ramin OBD da ke ƙarƙashin sitiyari. Ba tsada gare su ba, duk mai wutar motar da ya ce ya san Leaf ya kamata a same su a aljihunsa. Za ta nuna maka lafiyar batirin da lamba a gaban haruffan SOH, ta nuna sau nawa aka taɓa yi wa motar cajin gaggawa da na gida tun da aka ƙera ta, sannan ta jera maka sanduna 96, kowanne yana wakiltar rukuni ɗaya na ƙwayoyin batirin. Lafiyayyen batir, kawunan sandunan kusan daidai suke. In ka ga biyu ko uku sun nutse ƙasa da 'yan'uwansu, can ciwon yake.

Wannan ciwo ba ya bayyana a filin dila, kuma shi ne ya fi damun masu batir 40. Sai an matsa wa motar. Sa'arka ɗaya, wurin gwaji yana bayan gidanka. Ka ce a bar cajin ya sauka ƙasa da kashi 40, ku ɗauki hanyar Adenta, ku wuce Ayi Mensah, ku hau dutsen Aburi zuwa Peduase da mutum uku ko huɗu a ciki, iyakwandishan a kunne. Ka taka ta sosai a hawan, wani ya sa ido a kan lambar caji. Batir mai lafiya a hankali yake sauka, 38, 37, 36. Mai raunanan ƙwayoyi zai faɗo daga 38 zuwa 25 ko ƙasa da haka cikin daƙiƙu, wani lokaci har hoton kunkuru ya fito a allo motar ta rage ƙarfi, da ka sassauta ƙafa kuma lambar ta sake hawa. In ka ga haka, ku juyo, maganar ciniki ta ƙare ko nawa aka rage maka. Dolphin ɗin ma ka hau da ita dutsen nan. A saukowa kuma ka lura ko cajin yana ɗan ƙaruwa, domin motar lantarki tana mayar da wuta cikin batir in tana gangara.

Akwai wani abu da ya shafi shekarar taka kai tsaye. A 2024 Nissan ta yi kiranye a Amurka kan Leaf na 2019 da 2020 masu ramin cajin gaggawa, saboda batirin wasunsu yana iya yin zafi fiye da kima a lokacin irin wannan cajin, ta ce masu su su dakata da shi har a yi gyara. Ka karɓi lambar shasi, a sa ta a shafin hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, a ga ko motar tana ciki kuma ko an yi mata abin da aka ce. Kyauta ake dubawa.

Maganar kilomita 420 kuwa, dila bai yi ƙarya ba, amma ma'aunin China ne, CLTC, wanda ake yi da tafiyar hawainiya ba iyakwandishan. Dolphin mai wannan batir ɗin a ma'aunin Turai kilomita 340 aka rubuta mata. Leaf mai batir 40 tana sabuwa 270 ce a ma'aunin Turai, 243 a na Amurka. Ni ga yadda nake lissafa wa mutane: a cikin gari da sanyi a kunne, irin waɗannan motoci suna cin kamar yunit 15 a kilomita 100, a babbar hanya da gudu da kaya, 17 zuwa 18. Leaf ɗinka, in an cire abin da ya tsufa da ɗan abin da motar take ɓoyewa, yunit 30 ne a hannunka ko kusa da haka. Wato kilomita 200 a gari, 170 a hanya. Daga Accra zuwa Kumasi kilomita 250 ne. Za ka wuce Nsawam da Suhum da Bunso lafiya, ka kai Nkawkaw gabanka yana faɗuwa, Konongo kuwa ba za ka gan ta ba sai an samu inda aka ƙara wuta.

Dolphin za ta iya kaiwa, amma da ƙyar, kuma ba zan ce ka ɗauki iyali ka dogara da "da ƙyar" ba. Yunit 43 ko 44 a kan 17 ya ba ka kilomita 250 zuwa 260, ga Kumasi ta fi Accra tudu. In ka riƙe 80 zuwa 90 a awa, wanda dama manyan motocin hanyar ba sa barin mutum ya wuce haka sosai, za ka shiga Ejisu da ɗan saura. Cunkoso bai cika cutar da ita ba, domin a tsaye iyakwandishan kaɗai ke ci, yunit ɗaya zuwa biyu a awa. Sai kuma dawowa: in soket ɗin gidan Hajiya za ka soka, cika ta daga ƙasa zai ci fiye da awa 20. Ka je Juma'a da yamma, ka taso Lahadi, ya yi. Ka je da safe ka dawo da dare, bai yi ba. Akwai Dolphin mai batir 60, wadda aka rubuta mata kilomita 427 a ma'aunin Turai, ita ce motar Kumasi ta gaskiya in aljihu zai ɗauka. In ba haka ba, ni a ganina tafiyar sau ɗaya a wata ba ta kai a zaɓi mota dominta ba. Ka bar motar a gida ka hau bas ɗin VIP a Circle, ka yi barcinka.

Sharaɗin da na ce yana jikin motar, bakin caji ne. Ka buɗe murfin ka duba da idonka. Dolphin iri biyu ce: wadda aka ƙera don kasuwar China, mai baki irin na GB/T, da wadda aka ƙera don fitarwa waje, mai CCS2 irin na Turai, wadda ta ɗan fi tsawo. Wadda dila yake ce wa 420, kusan tabbas ta cikin gidan China ce. Ba aibu ba ne a kan kansa, sitiyarinta a hagu yake kamar yadda dokarmu take so tun da Ghana ta koma tuƙi a hannun dama a 1974, kuma a gida da cajarta za ka yi amfani. Amma ka san abin da ka saya: taswira da muryar da ke cikin allon na China ne, manhajar waya tana neman lambar China, garantin kamfani kuma ba ya biyo ta ƙetare. Garantin shekara 8 da kake ji ana yi wa batirin BYD, na motar da ta fito ta hannun wakilin kamfani ne a ƙasar da aka sayar da ita. In dila ya ce akwai garanti, ka tambaye shi wa zai biya, a wane gareji, ya rubuta ya sa hannu.

Leaf ɗin Amurka ta fi shiga matsala a nan. Bakinta na gaggawa CHAdeMO ne, tsarin Japan da duniya take bari, har Nissan ta daina sa shi a sababbin motocinta na Turai da Amurka. Wuraren cajin kuɗi da ake kakkafawa a Accra, waɗanda dama ba su da yawa kuma sun fi taruwa wajen East Legon da Airport, waɗanda nake gani CCS2 ne ko GB/T. Ana sayar da abin haɗawa. Na cajin gida waya ce kawai, ba tsada. Na cajin gaggawa kuwa akwai 'yar kwamfuta a cikinsa da ke sasanta motar da injin cajin, yana da tsada, kuma yakan yi aiki a wannan tasha ya ƙi a waccan. Wasu ƙananan samfurin Leaf na Amurka ma ba su zo da ramin gaggawar ba sam, rami ɗaya za ka tarar a ƙarƙashin murfin. Sannan ka karanta jikin cajar da ta zo a but: in an rubuta 120V kaɗai, ta wutar Amurka ce, tamu 230 ce, soka ta ɗaya za ta ƙone.

Sai gida, inda nake ganin mutanenmu na Zango sun fi faɗawa rami. Kilomita 40 a rana, kwana 26, ya kama kilomita dubu da 'yan kai a wata. Da asarar da ake yi wajen caji, ka ƙaddara yunit 17 a kowace ɗari, wato yunit 170 zuwa 180 a wata. Motar fetur ƙarama tana shan kamar lita 8 a kilomita ɗari a cunkoson Accra. Ɗauko rasit ɗin ECG ka ga nawa yunit ya kama maka, ka duba allon gidan mai. Ko da lita ɗaya ta ninka yunit sau biyar ne kawai, kuɗin yunit 40 ke nan a kan 17, ƙasa da rabi za ka riƙa kashewa, ban da baƙin mai da fulogi da salansa da ka rabu da su. Ribar tana nan. Amma farashin wutar gida da hukumar PURC take tsarawa hawa-hawa ne, in gida ya haura yunit 300 a wata kuɗin kowane yunit na sama yana ƙaruwa. Ka ɗora 180 a kan mitar da ɗaki shida ko takwas suke karo-karo a kanta, ka ja kowa zuwa hawa mai tsada, kuma duk daren da kati ya ƙare fanka ta tsaya, an san wanda za a kalla. Gidan gado ba ya son irin wannan. Ka nemi mitarka ta kanka a ofishin ECG na yankinku, ka ga an kafa ta, kafin ka ba dila ko sidi ɗaya.

Daga mitar a ja waya ta musamman zuwa inda motar za ta kwana, da abin katse wuta nata, kada a haɗa ta da layin firiji ko na dutsen guga. Soket mai ƙafa uku da muke da shi amfiya 13 aka rubuta masa, amma ba a yi shi don ya ɗauki wannan nauyin awa da awanni ba. A saita cajar a amfiya 10, wato kilowat 2.3, abin da ka ci a yini ya dawo cikin awa uku zuwa huɗu. Bayan awa ɗaya ka taɓa filogin, ɗumi kaɗan ba komai, in ya yi zafin da ba ka iya riƙewa a canza soket ɗin. Wayar ƙari ta kasuwa mai bakuna huɗu, kada ta kusanci motar. Cajar bango mai kilowat 7 tana cika kowaccensu cikin awa shida zuwa bakwai, amma tana son amfiya 32 da waya mai kauri, kuma ga irin tafiyarka ba dole ba ce. Abin da yake dole shi ne atin, wayar nan da ake haɗawa da sandar tagulla a binne a ƙasa. Tsofaffin gidajenmu da yawa ba su da ita, ko ta ruɓe tun tuni. Caja mai kyau in ba ta ji atin ba, jar fitila za ta kunna ta ƙi aiki, sai a ce motar ce ta lalace. Wasu sukan sayo cajar da ba ta dubawa don su huta, wannan kuwa wasa da rai ne a tsakar gidan da yara suke yawo ba takalmi bayan ruwan sama. Ka kira mai wayarin da yake da lasin Hukumar Makamashi, akwai su, tun dokar wayarin ta 2011 ake ba su shaida.

Dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ba abin tsoro ba ne kamar yadda ake zato. Mai cin kilomita 40 a rana da Dolphin cike yana da kwana biyar ko shida a ajiye. Ko a 2015 da abin ya fi ƙamari, ana ɗauke wuta awa 24 a kawo ta 12, awa goma sha biyun nan sun ishi motar. Dolphin ma tana iya ba da wuta: akwai wayar da ake sokawa a bakin cajinta ta fito da soket, ta riƙe firiji da fankoki da fitilu dare guda ba tare da batirin ya ji ba. Leaf ba ta yin haka sai da wata na'ura dabam mai tsada.

Kada ka ɗauka Leaf ba ta da abin yabo. Ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, kilowat 110 a kan 70, za ka ji bambancin in za ka wuce tirela. But ɗinta ya fi girma, lita 435 a kan 345, ga ɗan kasuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Zuwa 2020 an riga an sayar da fiye da 500,000 a duniya, don haka fitila, bamba, gilashi, shokozoba, ana samun na hannu daga Amurka da Turai, in ka ba masu kayan mota na Abossey Okai lokaci za su nemo. Batirinta ma ana buɗe shi a canza rukunin da ya mutu, ko a sauke shi gaba ɗaya a ɗora wani, kodayake abu ne mai nauyin kusan kilo 300 da jirgi ba ya ɗauka sai da takardun kaya masu haɗari, kuma kuɗinsa yakan cinye ragin da aka yi maka a farko. Na Dolphin dogayen ƙwayoyi ne a manne da juna, in dutse ya fasa shi daga ƙasa ba a faci, sai sabo. Kayan jikinta kuma daga China za su zo. Wani trotro, motar haya, ya goge maka fitilar baya a Tudu, kana iya yin makonni da salatif. A nan kai ka fi wani sa'a, layinku cike yake da masu wakili a Guangzhou, fitila ɗaya a cikin kwantenar maƙwabci ba ta gagara ba.

Duka biyun gajeru ne, tsakaninsu da ƙasa bai kai santimita 16 ba, batir kuma shi ne a ƙasan. Ka sa a ɗaga kowacce a gareji ka leƙa cikinta da tocila: lotsawa, tsagewa, ko sabon baƙin fenti a wuri ɗaya, duk abin tambaya ne. Leaf ɗin Amurka kuma ka binciki dalilin zuwanta. Da yawa daga cikin motocin da ake kawo mana daga can na gwanjon inshora ne, waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta ci. Haɗarin bamba da sauƙi. Ta ambaliya, musamman ruwan gishiri, ba a saya ko kyauta ce. Ja kujerar gaba baya ka duba ƙarfen da take gudu a kai ko ya yi tsatsa, ɗaga kafet ka shinshina, zaro bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai layin laka, buɗe akwatin fis ka nemi yashi. Lambar shasin nan in aka sa ta a intanet, sau da yawa hotunan ranar gwanjon suna fitowa. Kai ma in ka saya, ranar da aka yi ruwa irin na Yuni, kada ka ce batir a rufe yake ka kutsa Alajo ko Kaneshie.

Takardun kwastan ka karɓa ka kai a tabbatar da su da lambar shasi. Kada a ruɗe ka da cewa motar lantarki ba ta biyan kuɗin fito: sassaucin shekara 8 da aka sanar a kasafin 2024 na motocin haya ne na jama'a da na kamfanonin da ke haɗa mota a cikin ƙasa, bai shafi motar gida ba.

In Dolphin ta fi ƙarfin aljihu, Leaf tana iya yi maka Madina zuwa Tudu na wasu shekaru, da sharaɗin SOH ya kai 83 ko sama, sandunan nan 96 sun daidaita, ta hau Aburi ba ta yi tangarɗa ba, an kuma sake rage kuɗin sosai. Ka riƙa ajiye ta a inuwa, ka bar ta ta huce awa biyu kafin ka soka caji, ka sa agogon cajin ya fara bayan tsakar dare. In kuwa mitar ce ba ta samu ba, ko motar a bakin titi za ta riƙa kwana nesa da ɗakinka, to ka dakata da duka biyun. Toyota haibirid, Prius ko Corolla, za ta rage maka kuɗin mai sosai a cunkoso ba tare da ta nemi soket ba, kuma masu gyaranta sun yi yawa a Kokompe da Suame Magazine. Kuɗin kafin alƙalami kuma, duk wadda ka tsayar, a rubuta a takarda cewa za a mayar maka da shi in motar ta faɗi gwajin batir, domin akwai dilan da zai yarda da gwaji da baki, ranar hawa dutse ya ce makullin yana hannun yaronsa.